Keken Ɗinki a Bayan Kufena

Ku matso kusa. Ramlatu, ja ƙofar nan, ba na son muryata ta kai tsakar gida. Wannan da zan gaya muku ba tatsuniya ba ce. Mutumin yana raye, a Zariya yake. Matar da abin ya shafa kuwa ƙawata ce tun muna 'yan mata. Wani ɓangaren ma a gaban idona aka yi shi.

Sunansa Tasi'u. Yana da ɗan shago a Tudun Wada. Shi ba tela ba ne, gyaran keken ɗinkin kwamfuta yake yi, irin manyan nan masu kawuna a jere da ke yi wa shadda aikin wuya. Kun san yadda suke. A kwamfutar tebur ake zana aikin, a tura shi ta kebul zuwa ƙwaƙwalwar keken, sai allurai su kama aiki. Ranar da kwamfuta da keke suka daina jin maganar juna, shago ya tsaya ke nan. To, a irin wannan ranar Tasi'u ake nema. Mutum ne mai haƙuri. Yana iya wuni a durƙushe a bayan keke har sai ya gano inda maganar ta yanke.

Matarsa ita ce Hansatu, ƙawar tawa. Cikin fari gare ta, ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Mahaifiyarsa, Iya Tabawa, tare da su take zaune. Ranar da abin zai faru, da safe Hansatu ta ce masa bayanta na ciwo. Ya ce ta daure, da ya yi sallar azahar zai dawo.

Rana ta take tsaka. Irin zafin nan da ko akuya ba ta ratsa titi. Maƙwabtansa duk sun shige inuwa. Yana haɗa kayansa ke nan sai ƙofar shagon ta yi duhu.

Wani dogon mutum ne, cikin farar riga mai faɗi, ba ko ɗigon aiki a wuyanta. Bai yi sallama ba. Ya ce kekensu ya ƙi magana da kwamfuta, ga biki a gabansu, ga kayan mutane jibge. Ya ce wurin ba nisa, nan bayan dutsen Kufena ne.

Tasi'u ya ce tun a nan ya lura da wani abu. In mutumin zai yi magana, sai leɓɓansa su motsa su gama, su rufe, sannan muryar ta iso. Kamar dai fim ɗin da sautinsa ya makara. Ya ɗauka zafi ne ya taɓa masa kai. Ya ce wa baƙon ya yi haƙuri, iyalinsa ba ta jin daɗi, sai gobe.

Leɓɓan suka motsa. Can muryar ta biyo baya.

"Aikin wuni ɗaya ma bai kai ba. Kafin inuwa ta juya ka dawo."

Kun san mai sana'a. Ba ya son a ce an zo ƙofarsa ya mayar da mutum. Ya rataya jakarsa, ya tayar da babur, ya ce Alhaji ya hau. Ya ji rigar ta taɓa bayansa, amma babur ɗin bai nutsa ba. Ko kaɗan. Kamar shi kaɗai yake kai.

Suka bar kwalta. Suka bi wata siririyar hanya ta cikin gonaki, suka zagaya dutsen. Tasi'u haifaffen Zariya ne, amma bai taɓa ganin wannan hanyar ba. Ba kowa. Ba manomi, ba makiyayi, ko kukan tsuntsu babu. Can sai ga wani dogon gini mai rufin kwano a gindin wata kuka.

Ciki da sanyi. Ba wayar lantarki da ta shigo ginin, ba ƙarar janareta, amma fitilun keken a kunne suke. Keke ne babba, kawunansa sun yi layi har cikin duhun ɗakin. A gefensa ga tsohuwar kwamfuta a kan tebur, ta yi fari da yanar gizo. A jikin bango kuwa mata ne a zazzaune, kowacce ta ba shi baya, kowacce da yadi a cinyarta. Ya gaishe su. Ba wadda ta juyo.

A rufin akwai wata 'yar huda. Hasken rana ya zubo ta nan, ya sauka a ƙasa kusa da ƙafarsa, bai fi faɗin tafin hannu ba.

Ya fara aiki yadda ya saba. Ya buɗe manhajar ɗinkin, kwamfuta ta ce ba ta ga keke ba. Ya bi kebul ɗin da yatsa tun daga bayan kwamfuta har jikin keken, ya tarar wani abu ya ɗan ci shi a tsakiya. Ya ciro sabo daga jakarsa ya sa. Shiru. Ya canza ramin da ya soka shi. Shiru. Ya kashe su duka biyun, ya fara kunna keken, ya jira, sannan ya kunna kwamfutar. Har yanzu ba ta gani.

Mutumin yana tsaye a bayansa. Ba ya numfashi da ƙarfi, ba ya gyara tsayuwa. Yana nan kawai.

Tasi'u ya ciro ɗan filas ɗinsa na kwamfuta, ya sake zuba ƙaramar manhajar nan da ke sa kwamfuta ta gane keke. Ya duba saurin da kowannensu ke magana da shi, ya ga ɗaya na gudu ɗaya na rarrafe, ya daidaita su. Nan take kwamfuta ta yi ɗan ƙara. Ta gani. Kafin ya yi murna ta sake ɓatar da shi. Ta gani, ta ɓatar. Ta gani, ta ɓatar.

Ya durƙusa ya leƙa. Ashe ramin da ke jikin keken ne ya saki. In ya danne kan kebul ɗin da yatsunsa sai ya kama, yana sakinsa sai ya yanke. Ya ce wa mutumin wannan sai an kwance an yi masa dalma, kuma bai zo da kayan dalma ba. Mutumin ya ce ya riƙe da hannu kawai, a tura aikin yau, gyaran ya biyo baya.

Ya danne da hannun hagu. Da na dama ya danna umarnin a tura. Kwamfuta ta ƙi. Ta rubuto cewa agogonta da na keken ba su dace ba, ba za ta tura komai ba sai an daidaita su.

Wannan ƙaramin abu ne. Akwai ɗan batir kamar kwabo da ke riƙe agogo, in ya mutu sai na'ura ta manta ranar da take. Ya sa sababbi a duka biyun. Ya buɗe wurin kwanan wata. A keken babu komai, fili ne. A kwamfutar ma fili. Ba shekara, ba wata, ba rana. Bai taɓa ganin haka ba, don ko wadda ta manta takan nuna wata tsohuwar shekara.

Ba tare da ya juya ba ya ce, "Alhaji, yau nawa ga wata?"

 Sai can muryar ta iso.

"Naku ko namu?"

Tasi'u ya ce a nan ya so ya tashi.  Amma sai ya yi dariyar yaƙe, ya ce ai na Turawa kwamfuta take ci, ba na Musulunci ba. Yana so ya yarda abin da ake nufi ke nan.

"Namu ba ya shiga irin wannan," in ji muryar. "Sa naka."

Naka ya ce. Ba naku ba. Sai daga baya Tasi'u ya tuna da wannan.

Ya duba wayarsa, ya kwafi rana da lokaci, ya sa wa kwamfutar. Ya danne kebul da yatsun hagu, ya ba ta umarni ta ba keken agogonta. Ta karɓa. Wani koren layi ya fito a fuskar kwamfutar, ya fara cika daga gefe. Duk kawunan keken suka sauka lokaci guda.

Matan nan suka miƙe. Da baya da baya suka taho, kowacce ta shimfiɗa yadinta a ƙarƙashin allura. Rigunansu na jan ƙasa. Ya duba ƙasan rigunan, bai ga abin da ke taka ƙasar ba.

Ya sunkuyar da kai. A nan ya ga hasken nan na hudar rufi ya bar gefen ƙafarsa. Yana tafiya. Yana kallonsa ya ratsa ɗakin, ya hau bango, ya yi ja, ya mutu. Duhu ya rufe hudar. Kafin ya haɗiyi yawu hasken ya sake fitowa ta ɗaya gefen, ya sake ratsa ɗakin, ya sake mutuwa.

Ya ce zai saki kebul ɗin. Yatsun suka ƙi.

Ba ciwo suke ba. Ba wanda ya riƙe su. Kawai dai ba nasa ba ne kuma. Ya sa hannun dama ya ɓamɓare su, kamar yana ɓamɓarar ƙarfe. Ya ja da ƙarfinsa duka, kebul ɗin ko gezau. Ya nemi ya kashe kwamfutar, makunnin ya nutse a ƙarƙashin yatsansa bai yi komai ba. Ya buɗe baki zai karanta Ayatul Kursiyyu, ya kai tsakiya ƙarar allurai ta ɓatar masa da ita, ya koma farko, ta sake ɓacewa.

Sai wayarsa ta yi motsi a kan tebur.

Saƙon murya ne. Hansatu. Ya danna, ya kara a kunne. Tana haki.

"Malam, abin ya taso. Iya ta ce mu tafi asibiti. Kana ina?"

Ya kira ta, kiran bai fita ba. Ya danna ya yi mata saƙo, ya ce su tafi, ga shi nan zuwa yanzu. Saƙon ya tsaya da 'yar alamar agogo a gefensa. Bai tafi ba. Ya ɗaga wayar sama, ya karkata ta, ya kashe ya kunna. Shi da aikinsa ke nan, haɗa abin da ya ƙi haɗuwa. Ya gane abin da ke faruwa sarai. Hanyar ɗaya ce. Abu na shigowa, ba ya fita.

Wani saƙon ya shigo. Iya Tabawa ce, cike da murna. Ta ce an sauka lafiya, mace ce, ya zo ya ga hancinsa a fuskar wata. A bayan muryarta yana jin kukan jaririyar.

Wani ya shigo. Hansatu, a hankali, kamar ba ta son a ji. Ta ce an je shago a rufe, an zaga asibitoci, an je wajen 'yan sanda. Ta ce in wani laifi ta yi masa ya faɗa mata.

Wani. An yi suna. Yayansa ne ya yi wa yarinyar huɗuba, an sa mata sunan Iya, ana kiranta Ummi. Mutane sun ci abinci ba mai kallon idon wani.

Hasken yana ta wucewa. Yanzu ba ya ma rarrabe shi, ƙyaftawa kawai yake yi. Tasi'u ya juya wajen mutumin, ya roƙe shi. Ya ce ya ji ƙansa, matarsa ta haihu, bai ga 'yar ba. Ya ce ya sake shi ya je ya dawo da kayan dalma, ya gyara musu kyauta. Ya yi rantsuwa. Ya yi kuka kamar yaro.

Mutumin ya ce ai shi ya fi kowa sani, in aka yanke aiki a tsakiya ƙwaƙwalwar keke takan lalace. Ya ce ya ƙara haƙuri, da layin ya cika shi ke nan.

Tasi'u ya dubi koren layin. Bai kai faɗin farce ba. Ya dubi ƙarshen ɗakin, inda duhu yake. Bandir-bandir na yadi ne a jibge har rufi, matan na ta ɗebowa, tarin ba ya raguwa.

Ya tambaye shi mutum nawa ne za su zo bikin.

"Duka," in ji muryar.

Saƙonni ba su daina ba. Ya so ya daina saurara, ya kasa. A bayan muryar Hansatu yana jin ruwan sama a kan kwano. A na gaba yana jin kabbarar Idi. A na gaba ruwan ya dawo. Ta daina ce masa Malam, ta koma Baban Ummi. Ta ce an yi cigiya a rediyo. Ta ce malamai sun duba, wani ya ce yana raye, wani ya ce a yi masa sadaka. Ta ce Ummi ta yi haƙori. Ta ce Ummi ta tsaya da kanta ta kama bango. Akwai wanda ba ta ce komai ba, ta bar wayar kawai a kusa da yarinyar tana gwalantu.

Kowanne sai ya amsa. Ya ce ina nan. Ya ce ban gudu ba. Ya ce ina bayan Kufena, ku zo da mutane. Duk suka jeru da alamar agogo.

Ya shafa fuskarsa don ya share hawaye, ya ji gemu ya cika masa hannu. Shi da ya yi aski ranar Juma'a.

Sannan na Iya Tabawa ya zo. Muryar ta ƙanƙance, sai ya manna wayar sosai kafin ya ji.

"Tasi'u, in kana jina, ban riƙe ka da komai ba. Na yafe maka. In kuma wani ne ya riƙe ka, Allah ya fi shi."

Na bayansa Hansatu ce. An kai Iya da la'asar.

Ya ce daga nan ya daina ja. Ya zauna a ƙasa, hannun hagu a maƙale a jikin keke, kamar akuyar da aka ɗaure. Bai san iya zaman da ya yi ba. Saƙonnin suka fara jinkiri. Sai can wani ya zo, gajere. Hansatu ta ce iyayenta sun kai maganar gaban alƙali. Ta ce ta jira iya abin da shari'a ta ce, har ta ƙara. Ta ce ba gajiya ta yi ba, amma ba ta da inda za ta sa kanta. Ta ce ya yafe mata.

Bayan wannan wayar ba ta sake motsi ba.

Da yake a ƙasa yake zaune, sai idonsa ya faɗa ƙarƙashin keken. Akwai mutum a wurin. Wata tsohuwa ce tukuf, a takure, tana kaɗi da mazari, zaren na tashi daga hannunta yana shiga cikin keken. Abin da ya fara gani ƙafafunta ne. Ƙafafu ne sosai, a kan ƙasa, da faso a dugadugansu. Bai taɓa murnar ganin faso ba sai ranar.

Ta dube shi. Da ta yi magana, bakinta da muryarta tare suka tafi.

Ta ce ita ma kiranta aka yi. Da rana tsaka aka zo, aka ce ana neman mai kaɗi, ba za ta daɗe ba. A lokacin ba keke, da hannu matan ke ɗinki. Ta ce ta bar tukunya a wuta, ta bar ɗanta Mati yana barci a kan tabarma, ko yaye shi ba ta yi ba.

"Ɗana, kai da ka zo daga gari," in ji ta, "ko ka ji labarinsa? Ya fara tafiya?"

Tasi'u ya dubi kanta, fari fat. Ya dubi fatar hannunta.

Ya ce, "Ya fara, Iya."

Ta gyaɗa kai. Ta ci gaba da kaɗinta. Can ta ce masa muddin allura na tafiya hannunsa ba zai buɗe ba. Ta ce ita ma haka yatsunta suke a kan mazarin.

Nan wani abu ya faɗo masa. Irin waɗannan kekunan, in zare ya tsinke, da kansu suke tsayawa. Ba a kashe su, ba abin da ke lalacewa, tsayawa kawai suke yi su jira a sake zura zare. Ya miƙa hannun dama, zaren ya yi masa nisa. Ya faɗa mata, murya ƙasa-ƙasa.

 Ta ce tun da ta zo zarenta bai taɓa tsinkewa ba. Ta ce ba ta san abin da za su yi mata ba.

Bai roƙe ta ba. Ya ce bai ga da bakin da zai roƙe ta ba.

Ta tambaye shi ko yana da ɗa. Ya ce mace ce, bai taɓa ganinta ba. Ya ce in ta tsinka su gudu tare, zai goya ta.

"Ni nawa ya ƙare a nan," in ji ta. "In na taka waje ban san abin da zai rage ba. Kai dai kada ka waiwaya, ko sunanka aka kira."

Ta sunkuyo da kanta. Haƙori ɗaya ne ya rage mata a gaba. Da shi ta ciji zaren.

Keken ya yi wata 'yar ƙara, duk allurai suka tsaya a sama. Shirun ya fi ƙarar ban tsoro. Yatsunsa suka saki.

Ya wawuri wayarsa, ya bar jakar. Ƙafafunsa sun sandare, da rarrafe ya fara kafin ya miƙe. Ta gefen ido ya ga matan sun fara juyowa, a hankali, duka tare. Bai yarda ya ga fuskar ko ɗaya ba. Mutumin yana tsakaninsa da ƙofa. Ya ga leɓɓansa sun motsa, ya gane sunansa suke kira. Amma muryar ba ta riga ta iso ba. Ya toshe kunnuwansa, ya bi ta gefen rigar, ya faɗa waje.

Bai waiwaya ba sai da ya kai bakin wata gona. Da ya juya, ba gini. Kuka ce kawai, da suri a gindinta. Babur ɗinsa yana jingine, ya yi tsatsa, tayoyin sun ruɓe, wata ciyawa mai yaɗo ta shiga ta cikin ƙafafunsa ta fita. Rana tana tsaka.

Tsohuwar ba ta fito ba. Ya tsaya ya jira, ya kira Iya, Iya. Ba amsa.

To, ga inda na shigo.

A wannan ranar ina gidan Hansatu a Ƙofar Doka, ina yi mata kitso. Gidan mijinta na biyu, Malam Lawwali, malamin makaranta ne, mutumin kirki. Tana da ɗa namiji a cinya tana ba shi nono. Ummi ta tafi islamiyya. Wayarta tana kan tabarma. Ba ta taɓa canza lamba ba, kowa ya san dalili, ba mai faɗa.

Sai wayar ta fara motsi. Ba sau ɗaya ba. Ta yi ta yi, har tana zamewa daga kan tabarmar. Hansatu ta ɗauka ta duba sunan. Na ji kanta ya yi nauyi a hannuna.

Ta danna na farko. Da kunnena na ji.

"Hansatu, ku tafi asibitin. Ga ni nan zuwa yanzu."

Ba ta yi ihu ba. Ta cire yaron daga nono ta miƙo mini shi. Ta saurare su ɗaya bayan ɗaya. Ina nan. Ban gudu ba. Ku zo da mutane. Ki ce wa Iya ta jira ni. Tana ji muryar tana dushewa, tana tsufa. Na ƙarshe ba magana a ciki, numfashi ne kawai da ƙarar allurai. Kitson nan rabi muka bar shi.

Da yamma aka same shi a ƙofar tsohon gidansu, yana zaune a kan dakali. Wasu ne a gidan yanzu. Gemunsa ya kai ƙirji, da furfura a ciki. Yayansa sai da ya tambaye shi sunan kakarsu kafin ya yarda shi ne. Washegari aka tafi da shi bayan Kufena da mutane da malamai. An ga babur. An ga kuka. An tona surin, ba a sami komai ba.

Malamai suka zauna a kan maganar auren. Suka ce tunda alƙali ya raba, ta yi idda, ta yi aure har da rabo, to matar Malam Lawwali ce. Tasi'u bai yi jayayya ba. Abu ɗaya ya roƙa, a nuna masa 'yarsa.

A zauren Malam Lawwali aka yi. Ni da Hansatu muna bayan ƙofa. Ba ta iya fitowa ba. Maza biyun suna zaune a kan tabarma ɗaya. Aka kira Ummi, ta shigo da ɗan hijabinta, haƙoranta na gaba sun fita. Hancin nan nasa ne, Iya ba ta yi ƙarya ba.

Daga bayan ƙofa Hansatu ta ce, "Ummi, je ki gaida babanki."

Yarinyar ta wuce Tasi'u. Ta je gaban Malam Lawwali ta durƙusa, ta ce, "Baba, ina wuni."

Malam Lawwali ya sunkuyar da kai. Ya kama kafaɗarta zai juya ta. Tasi'u ya ɗaga hannu ya ce a bar ta, ta yi daidai. Ya zauna yana kallonta har ta gaji da tsayuwa ta koma ciki.

Yana nan har yau. Bai sake taɓa keke ba. Yatsun hagun nan uku ba su ƙara miƙewa ba, a tsuke suke kamar yana riƙe da wani abu. Duk Juma'a yakan je Ƙofar Doka da 'yar alewa a aljihu. Ummi ta saba da shi. Kawu take ce masa. Yana kuma yin sadaka, ya ce ladan na wata tsohuwa ce da bai tambayi sunanta ba.

Ku dai kun ji. Ba dare kaɗai ake tsoro ba. In aiki ya kira ku bayan dutsen nan da rana tsaka, ku tafi ku biyu, ko ku tsaya a kan sai gobe. Shi ma ya faɗe ta, bai dai tsaya a kanta ba. Da ya tsaya, da shi ya yi wa 'yarsa huɗuba.